Ahmed Musa ya samu tsani ya hau, mu ina namu tsanin a Madarunfa?

Duk fadar da aka ɗora shayi a Madarunfa ko Maraɗi aka ta da hirar balo, in an gama gardamar Real da Barsa, sunan da ake faɗawa kansa shi ne Ahmed Musa. Ɗan Najeriya ne, amma nan ba mai kallonsa a matsayin baƙo. Hausa yake yi irin tamu, Kano ya taso a wasa, kuma Kano ta fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba. Shi ya sa yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a bayan lakwal, in ka tambaye shi wa yake son zama, sai ka ji ya ce Ahmed Musa.

Ina da magana kan yadda muke ba yaran nan labarinsa. Kullum daga sama muke farawa: Leicester, kofin duniya, motoci, rabon kuɗi da azumi. Ƙasan labarin, inda abin ya soma, shi muke tsallakewa, alhali shi ne kaɗai ɓangaren da ya shafe mu.

An haifi Ahmed Musa a Jos ranar 14 ga Oktoba 1992. Makarantar koyon ƙwallo ta GBS da ke Jos ce ta raine shi, ta ba da shi aro ga JUTH, ƙungiyar asibitin koyarwa na garin, sannan ta ba da shi aro ga Kano Pillars. A kakar 2009/2010, yana ɗan shekara 17, ya zura ƙwallo 18 a babbar gasar Najeriya, adadin da ya kafa tarihi a lokacin, Pillars kuma ta gama ta biyu. Ku lura da matakan: makaranta mai rajista, ƙaramar ƙungiya, babbar ƙungiya, gasa mai jadawali da alƙalai da takardar sakamako. Ƙwallayen nan 18 an rubuta su, an san ranar da aka ci kowacce, an san ragar da ta shiga. Baturen da ya zo daga Holan bai sayi labarin baka ba, lissafi ya gani.

Ga wani abu da ya kamata duk mai ɗa ko ƙane da ke mafarkin Turai ya riƙe. VVV-Venlo ta Holan ta daidaita da shi tun damanar 2010, amma bai samu damar buga mata wasa ba sai da ya cika shekara 18 a watan Oktoba. Dokar FIFA ta hana a tsallaka da yaro ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa don ƙwallo, in ban da wasu 'yan dalilai da ba su shafi yaranmu ba. Wanda ya fi kowa cin ƙwallo a Najeriya sai da ya jira ranar haihuwarsa. To kai da wani ya kira ka a salula ya ce zai kai ƙanenka ɗan shekara 15 Ispaniya ko Turkiyya, a sayar da gona a turo masa kuɗin biza, wace ƙofa zai bi da shi wadda Ahmed Musa bai gani ba? Ƙungiyar gaske ita ke biyan kuɗin jirgi, ita ke aiko takardar gayyata da sunanta. Duk ejan da ya fara da "kawo kuɗi", ka riƙe aljihunka.

Daga Holan, a Janairun 2012, CSKA Moscow ta ɗauke shi. Can ya yi ganiyarsa, ya ɗauki kofin gasar Rasha sau uku, 2013 da 2014 da 2016. A Yulin 2016 Leicester City, wadda ta ba duniya mamaki da lashe gasar Ingila watanni biyu kafin nan, ta saye shi kan fam miliyan 16.6, kuɗin da ba ta taɓa kashewa kan ɗan wasa ba a lokacin. Ya ci Barcelona biyu a wasan share fage, kowa ya ce shi ke nan. Sai abin ya ƙi. Ƙwallo biyu kacal ya ci a gasar firimiya, an kori koci Claudio Ranieri a Fabrairun 2017, shi kuma ya koma zaman benci har aka mayar da shi CSKA aro a Janairun 2018. Bayan nan Al-Nassr ta Saudiyya, inda ya ɗauki kofin gasa a 2019, sai Fatih Karagümrük da Sivasspor a Turkiyya.

Masu son sa ba su cika ambaton Leicester ba, ni kuwa ina ganin ya kamata a riƙa ambato. Mutumin da ya fi kusan kowa gudu, wanda ya ɗaga kofi uku a Rasha, ya je Ingila ƙafarsa ta ƙi zama. In haka ta faru da shi, yaya ga wanda bai taɓa buga gasa ko ta jiha ba, ya bi hanyar Agadas da takalmin balo a jaka?

A rigar Najeriya kuwa ba a cewa komai. Ya fara a 2010. Yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 2013 ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi, shi ya ci ta huɗu a wasan kusa da na ƙarshe da suka doke Mali 4 da 1. Ranar 25 ga Yuni 2014 ya zura wa Ajantina biyu a Brazil, ko da yake an ci su 3 da 2. Ranar 22 ga Yuni 2018 ya sake zura wa Iceland biyu a Volgograd, ƙasar Rasha da ya sani kamar tafin hannunsa. Ƙwallo huɗu a kofin duniya, ba ɗan Najeriyar da ya kai haka, kuma ya wuce wasa 101 da Vincent Enyeama da Joseph Yobo suka buga wa ƙasar. Amma a kofin 2013 ɗin nan, ku tuna wanda ya ci ƙwallon da ta ba su kofi a kan Burkina Faso: Sunday Mba, wanda a gasar gida yake wasa. Keshi ya sha zagi da ya ɗebi 'yan gida ya tafi da su. Ya samu waɗanda zai ɗeba ne saboda akwai gasar da za a duba.

Kar wani ya ce ina yabon Najeriya ina kushe gida. Gasarsu cike take da matsala: bashin albashi, dukan alƙalan wasa, magoya baya masu jifa. Pillars ɗin kanta, mai kofi huɗu (2008, 2012, 2013, 2014), wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, ta faɗa rukuni na biyu a 2022, a kakar da aka kwashe mata maki saboda rikicin magoya baya. Tsanin nasu yana girgiza, wasu matakan sun ruɓe. Sai dai yana jingine da bango, ana hawa. Kuma da Ahmed Musa ya rasa ƙungiya bayan barin Saudiyya, akwai inda ya koma: Pillars, a Afrilun 2021, ya sake dawowa a Oktoban 2024, har aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar a 2025. Tun 2017 ya buɗe cibiyar wasanni a Kano da kuɗinsa. Ruwa ya koma inda ya fito saboda akwai magudana.

Yanzu mu juyo gida. Mu ma fa muna da tarihi, mantuwa ce ta yi mana yawa. Kafin CSKA ta san Ahmed Musa, ɗan Nijar ta fara saye: Moussa Maâzou, a 2009, wanda ya tashi daga AS FAN ta Yamai zuwa Lokeren ta Beljiyam. Shi ya ci Masar a Yamai a Oktoban 2010, lokacin Masar na riƙe da kofin Afirka uku a jere. Mena ta je kofin Afirka na 2012, wanda Najeriya da kanta ba ta samu zuwa ba, ta kuma koma a 2013. A 2016 yaranmu 'yan ƙasa da shekara 17 suka fitar da Najeriya, mai riƙe da kofin duniya na wannan rukuni: an ci mu 1 da nema a Abuja, muka rama 3 da 1 a Yamai. Daga nan suka je kofin duniya a Indiya a 2017, suka doke Koriya ta Arewa, suka tsallake zagayen farko. Jangorzo ta Maraɗi ta taɓa zama zakaran ƙasa a 1983. Filin wasan Maraɗi, wanda aka gyara lokacin Maraɗi Kwalliya a 2015, ya karɓi wasannin kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 20 a Fabrairun 2019. Tafiyar ƙasa da awa guda daga bakin tafkinmu. Wasu cikinku sun hau kabu-kabu sun je sun gani da idonsu.

To me ya biyo baya? Manyan ƙungiyoyin gasar ƙasa kusan duka a Yamai suke, kuma yawancinsu na ma'aikatu ne: soja, jandarma, 'yan sanda, duwan, Nigelec. Dan Kasawa da Jangorzo suna faɗi-tashi. A 'yan shekarun nan Mena ta sha buga wasannin da ake kira na gida a Kwatano da Maroko, saboda filin Seyni Kountché bai cika sharuɗɗan CAF ba. Wannan a sama ke nan. A ƙasa, inda muke, abin da yaro ke samu shi ne kofin hutun makaranta, ko kofin da wani mai neman suna ya sa, a yi sati biyu ana ƙura, a ba da rago da riguna masu hotonsa, a watse. Ba lisansi, ba takardar wasa, ba wanda ya rubuta wa ya ci. Yaro zai iya cin ƙwallo 18 a Gabi ko Safo, ba wanda zai iya nuna shaida ko a Maraɗi, balle Holan.

Wannan rashin rubutu asarar kuɗi ce ta zahiri, kuma nan ne nake so mu daɗe. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, kowacce gwargwadon shekarun da ya yi a wurinta. Ku buga lissafin cinikin Leicester: kashi 5 na fam miliyan 16.6 shi ne fam dubu 830, sama da sefa miliyan 500. Cikin wannan, rabon shekarun da ya yi a gida haƙƙin waɗanda suka yi masa rajista ne a gida. Bayan wannan akwai diyyar horo da ake biya idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko. Tun ƙarshen 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Paris da ke bibiyar waɗannan kuɗaɗe, yana aika su kai tsaye. Da me ofishin ke aiki? Da tarihin rajistar ɗan wasa. In sunan ƙungiyarka bai fito a ciki ba, ko kai ka saya masa takalmin farko, ko kai ka yi ta ɗaukarsa a babur zuwa wasa shekara biyar, dala ba za ka gani ba. Mai horon unguwa a Madarunfa ya yi wahala, ƙungiyar birni ta zo ta ɗauke yaron ta yi masa lisansin farko, in Allah ya ɗaga shi ita ke cin moriya. Ba ma za a kira shi zalunci ba a gaban doka, tunda mu ne ba mu rubuta ba.

Lisansi kuwa ba ya samuwa sai da takardar haihuwa, wadda da yawa cikin yaran ƙauyukanmu ba su da ita, ko kuma an yi musu ita a makare da shekarun da aka ƙiyasta. Kar ku ɗauka ƙaramin abu ne. Wasan nan na 2016 da muka fitar da Najeriya, dab da shi ne gwajin MRI na ƙashin wuyan hannu ya zubar musu da 'yan wasa 26 a sansani, suka fito da abin da ya rage. Tun 2009 FIFA ke amfani da wannan gwaji a gasar 'yan ƙasa da 17. Zamanin a rage wa gardi shekara biyar ya wuce, ko ya kusa. Mai horon da ke son yaransa da gaske, aikin farko da zai yi musu shi ne ya bi iyaye gida-gida a je a yi takarda ta gaskiya tun suna ƙanana. Takardar nan ita ce dai za ta yi musu amfani ranar jarrabawa da ranar neman katin ɗan ƙasa, ko sun zama 'yan ƙwallo ko ba su zama ba.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Za su ce: Malam, mutane na kwana a daji don tsoron masu satar mutane a bakin iyaka, hatsi ya yi tsada, azuzuwan zana sun cika, kai kana maganar balo? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amsata ita ce, samarin nan da muke magana a kansu su ne dai waɗanda ake tsoron kar ƙwaya ta ɗauke su, ko daji, ko hanyar Libiya. Saurayin da ya san ran Asabar yana da wasa da Ɗan Isa, an rubuta sunansa, garinsu zai fito kallo, yana da dalilin kwana da wuri ran Juma'a. Ƙwallo ba za ta kori ɗan bindiga ba, wannan aikin hukuma ne kuma muna nan muna binta bashinsa. Amma abin da nake nema bai kai kuɗin liyafar buɗe taro guda ba, kuma ba ya cire ko buhu ɗaya daga rumbun kowa.

Wasu kuma za su ce ai cikin dubu ɗaya ne ke zama ƙwararre. Gaskiya ne, ƙila ma bai kai ba. Shi ya sa nake ƙin a ce wa yaro ya bar lakwal ko sana'a saboda ƙwallo. Sai dai gasa mai tsari tana ciyar da waɗanda ba su taɓa taka leda ba: tela mai ɗinka riguna, mai sayar da ruwa da ƙosai a bakin fili, ɗan kabu-kabu, alƙalin wasa, mai ɗaukar bidiyo da salula ya sa a Facebook. Ku je Sani Abacha a Kano ranar wasan Pillars ku ƙirga masu cin abinci a wajen fili.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mun iya wannan aikin, muna yin sa kowace shekara, a kokawa. Ɗan kokawa yana farawa a dandalin ƙauye bayan girbi, a tace a matakin gunduma, a tace a jiha, a fitar da goma su wakilci Maraɗi, su haɗu da na sauran jihohi bakwai a nemi takobi. Tun 1975 ake haka, kuma takobin farko ɗan Maraɗi ne ya ɗauko shi daga Tawa, Yakuba Ango Kantu, wanda filin kokawar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Ba Bature ya zo ya tsara mana ba. Yaron da ke kokawa a Sarkin Yamma ya san matakan da ke tsakaninsa da takobi, zai iya ƙirga maka su da yatsa. Ɗan'uwansa mai buga balo, tambaye shi matakin da ke gaban kofin unguwa, sai ya ce maka Turai.

Saboda haka ga abin da nake ganin za mu iya nema, mu matasa, ba sai mun jira Yamai ba. Na farko fili. Garuruwanmu na faɗaɗa, kuma duk wanda ya girma a nan ya san filin da aka buga ƙwallo jiya, yau an yanka an kafa tubali. Mu je wurin masu riƙe da ragamar kowace komin mu nemi a ware fili guda a rubuce, a buga masa iyaka, a liƙa takardar a allon sanarwa inda kowa zai gani. Ba ciyawa muke nema ba, ba fitila ba. Turaku da raga da takardar da za ta hana a sayar.

Sai rajista. Ƙungiyoyin unguwa su daina zama suna kawai a bakin mai horo. A zauna a yi musu dokoki da shugabanni, a kai takardu, a yi rajista da reshen FENIFOOT na jihar Maraɗi, a yi wa yara lisansi tun daga shekara 12. Ɗalibanmu da ke jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ga inda iliminku zai yi rana: mai horo ya iya fili, ku kun iya takarda. 'Yan kasuwarmu kuma da ke sa kofin sati biyu, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma kuɗin ragon nan da rigunan zai biya lisansin yara masu yawa, kuma sunanka zai fi daɗewa.

Gundumar Madarunfa komin shida gare ta: Madarunfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma. Kowacce ta fitar da ƙungiya guda ta 'yan ƙasa da shekara 17, a buga gida da waje. Wasa goma ke nan ga kowace ƙungiya, talatin gaba ɗaya, Asabar goma daga bayan girbi zuwa kafin zafi ya tsananta. A fara da wuri a tashi kafin la'asar sakaliya don kowa ya isa gida da haske, inda hanya ba ta da aminci a mayar da wasan babban gari. Kowane wasa a cika takarda: sunayen 'yan wasa, lambar lisansi, wanda ya ci da mintin da ya ci, alƙali ya sa hannu, a ɗauki hotonta a sa a shafi a daren. In kaka ta ƙare, a ɗauki sunayen yara biyar da suka fi cin ƙwallo a kai wa Dan Kasawa da Jangorzo, da bidiyonsu, da takardun haihuwarsu, da sunan ƙungiyar da ta raine su a rubuce a sama.